Yadda Makaɗa Goma Suka Koma Cikin Akwati Ɗaya

Duk wanda ya halarci biki a 'yan shekarun nan a Dusuman, mazaɓar nan ta ƙaramar hukumar Jere da ke gefen Maiduguri, ya san yadda abin yake. Janareto na ruri a bayan rumfa, lasifika biyu a kan benci, saurayi ɗaya riƙe da waya ko kwamfutar cinya. Waƙar da ke tashi ko ta Hausa ce, ko ta Kanuri, ko ta Larabcin Shuwa, amma in ka kasa kunne da kyau za ka ji gangar iri ɗaya ce, sarewar iri ɗaya ce, muryar ma tana da wani santsi da maƙogwaron ɗan Adam bai saba da shi ba. Ba a ɗaure fatar akuya ko ɗaya ba kafin a yi wannan kiɗan. Mutum guda ne ya zauna a ɗaki ya haɗa shi, kuma sau da yawa ɗakin yana Kano. Yadda aka zo nan labari ne mai tsawo, kuma farkonsa ya biyo ta Borno.

Littafin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda Bature H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ce a zamanin Sarki Dauda, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1421 zuwa 1438, wani babban ɗan sarki mai suna Dagaci ya taso daga Borno ya sauka Kano da jama'a da malamai, da gangunan da ake kaɗawa a kan doki, da abin busa, da tutoci. Littafin ya kuma jingina shigowar kakaki ga Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Sai dai a riƙe cewa an rubuta littafin ne ɗaruruwan shekaru bayan waɗannan sarakuna, daga abin da baki ya miƙa wa baki, har ma ya ce Dagaci ya zo da bindigogi, abin da masana ke ɗaga gira a kansa. Saboda haka zancen Dagaci “an ce” ne da ya sami shiga takarda. Abin da babu ja a kansa shi ne fadar Borno da fadojin ƙasar Hausa sun daɗe suna musayar kayan alfarma, kuma algaitar da ake busa wa Shehun Borno a Yerwa, wato Maiduguri, wadda Kanuri ke kira alita, 'yar uwar wadda ake busa wa sarki a Kano da Zazzau ce.

A wancan tsari kiɗa gado ne, kuma kowane abin kiɗa da mutanensa. Tambari na sarki, kotso da taushi na makaɗan fada, kalangu na mahauta da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, gangar noma ta gayya. Yaro yakan tashi ya ga ubansa yana ɗaure ganga, ya yi shekaru yana amshi kafin a ba shi baki. Tare da gadon kuma akwai tambarin ƙasƙanci: makaɗi maroƙi ne, ana ba shi riga da doki amma ba kowane gida ke ba shi 'ya ba. Wannan batu na matsayi shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya, don haka a ajiye shi kusa.

Akwai kuma wani abu game da kalangu da ya kamata a faɗa tun yanzu. Hausa harshe ne mai karin sauti, ma'anar kalma tana rataye da hawa da saukar murya. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata, fatar ta ɗaure ko ta saki, sautin ya hau ko ya sauka daidai da karin magana. Shi ya sa ɗan dambe ke jin takensa daga nesa ya zabura ba tare da an ambaci sunansa ba. Gangar magana take yi.

A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar farko da ke ɗaukar murya ta maimaita, bayan shekara goma Emile Berliner ya fito da faifai, abin da ya iso mana da sunan garmaho. Amma abin da ya kai muryar makaɗan Hausa kowane lungu shi ne gidan rediyon Kaduna da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962, sai kuma kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963 ya kuma cika kasuwanninmu a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji suka sa rikoda ta shiga gidan ƙaramin ma'aikaci. Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, Haruna Uji da gurminsa, Barmani Coge da ƙwaryarta, duk ta nan suka zama na kowa. Maiduguri, wadda Turawa suka kafa a 1907 suka dawo da Shehu Garbai cikinta, jirgin ƙasa kuma ya iske ta a 1964, tana da ƙarin wata kafa: kaset ɗin mawaƙan Sudan da ke biyo tsohuwar hanyar alhazai ta Chadi. Kunnen mutumin Borno ya saba da wannan kiɗan tun kafin na Legas.

A duk wannan zamani na'ura mai sauraro ce kawai. Shata ya tsaya da makaɗansa da 'yan amshinsa a gaban makirfo, abin da ya faru shi ke shiga faifai, har da tarin wani da kuskuren wani. Injin bai da ra'ayi.

Ra'ayin ya fara shigarsa ne a wata duniyar. A 1980 kamfanin Roland na Japan ya fitar da TR-808, akwatin da ke buga ganga da kansa. A Janairun 1983, a wani bajekolin kayan kiɗa a Amurka, aka jona fiyanon kamfanin Sequential na Dave Smith da na Roland na Ikutaro Kakehashi da waya ɗaya, wannan ya kaɗa wancan ya amsa. Sunan wannan yare na injuna MIDI. Ba sauti yake ɗauka ba, umarni yake ɗauka: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi tsakanin 0 da 127, yaushe aka saki. Tunda kiɗa ya koma umarni, ana iya rubuta shi, a goge, a matsar, a sauya masa murya daga goge zuwa sarewa ba tare da an sake bugawa ba. Kamfanin Steinberg na birnin Hamburg a Jamus ya gina manhajar Cubase a kan wannan a 1989, Pro Tools kuma ta biyo a 1991 da ɗaukar sautin kansa a cikin kwamfuta. A lokacin kayan manyan situdiyo ne na Turai da Amurka, ba wanda ya yi zaton za su shafi mai sayar da kaset a Ƙofar Wambai ta Kano.

Hanyar da suka bi suka iso mu ta fim ce. Tun shekarun 1950 da 1960 Kwarori masu gidajen silima suke nuna finafinan Indiya a Kano da Jos da Kaduna, har waƙoƙinsu suka zauna a kunnen mutane daram, masu bandiri ma suka riƙa ɗora begen Annabi a kan karinsu. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, aka buɗe ƙofar fim ɗin bidiyo na Hausa, masu shiryawa suka ga 'yan kallo na son waƙa irin ta Indiya, saurayi da budurwa suna amsa wa juna. Kalangu ba zai ba da wannan ba. Tara masu goge ashirin irin na Bombay kuwa mafarki ne. Sai fiyano ya shigo, wato ƙananan Casio da farko, daga baya jerin PSR na Yamaha, mai ɗauke da ɗaruruwan muryoyin kayan kiɗa da kuma bugu shiryayye da ke bin yatsun hagu. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya fi kowa bin diddigin wannan zamani, ya nuna rawar da situdiyon Iyan-Tama ya taka a Kano a rabi na biyu na shekarun 1990, da yadda fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, a mashigar shekarar 2000, ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Shata ya rasu a Yunin 1999. A shekarar ce Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa, kuma kiɗan da aka yi wa laƙabi da nanaye ya hau gadon da ba wanda ya naɗa shi.

Ana yawan cewa arha ce ta sa fiyano ya yi nasara, kuma gaskiya ne mutum ɗaya ya fi goma sauƙin sallama. Amma a ganina babban dalilin shi ne wancan tambarin ƙasƙanci. Fiyano ba shi da gidan gado. Ba na mahauta ba ne, ba na maƙera ba ne, ba wanda kakansa ya roƙi kakan wani da shi. Ɗan malami da ɗan attajiri da ɗan ma'aikacin gwamnati suna iya zama a gabansa a kira su injiniya ko furodusa, ba a ce musu maroƙa ba. Wanda ba zai taɓa rataya kalangu ya ratsa unguwarsu ba, sai ga shi yana danna maɓallin da ke kwaikwayon kalangu cikin alfahari. Mawaƙa mata ma sun sami mafaka: a ɗora murya a ɗaki rufe, wata ta hau a fim, ba sai an tsaya a dandali ba.

Suna cikin wannan ne abubuwa uku suka faru a Turai da Amurka cikin shekara biyu, waɗanda za su haɗiye fiyanon kansa.

Na farko, a 1996 Steinberg ya fito da tsarin VST. Kafin nan, duk abin da ake yi wa sauti, amsa-kuwwa, matse ƙarfi, tace amo, akwatin ƙarfe ne daban da ake saya da kuɗi mai yawa a jera a kanta. VST ya mayar da kowane akwati ƙaramar manhaja da ake jona wa babbar manhajar situdiyo kamar yadda ake jona fulogi a soket, shi ya sa 'yan situdiyo ke ce musu fulogin. Kamfanin ya bar ƙofa a buɗe kowa ya ƙera nasa, a 1999 kuma ya faɗaɗa tsarin ya ɗauki kayan kiɗa sukutum. Daga nan fiyano da gangunan Roland da gungun masu goge suka zama fayil.

Na biyu, Auto-Tune a 1997. Andy Hildebrand injiniya ne da ya yi aiki da kamfanin mai na Exxon, yana lissafin amon da ake aikawa ƙarƙashin ƙasa ya dawo don a gane inda mai yake. An ce a wurin cin abinci ne matar wani abokin aikinsa ta tsokane shi da ya ƙera mata abin da zai sa ta daina kauce wa kari in tana waƙa. Shi da kansa ya sha ba da labarin, amma labarin tebur ne, a ɗauke shi a haka. Abin da yake rubuce shi ne kamfaninsa Antares ya fitar da manhajar, wadda ke auna muryar mawaƙi ta jawo ta zuwa matakin sauti mafi kusa. An yi ta ne don gyara a ɓoye. Amma in aka murɗe saurin gyaran zuwa sifiri, murya takan yi tsalle daga mataki zuwa mataki kamar ta inji, kuma da waƙar Believe ta Cher ta fito da wannan a 1998, aibin ya zama ado.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar talaka. Didier Dambrin, wani matashi da ke rubuta wa kamfanin Image-Line na Beljiyam wasannin kwamfuta, ya haɗa ƙaramar manhajar buga ganga mai suna FruityLoops a ƙarshen 1997. Layuka ne na ƙananan akwatuna goma sha shida, ka kunna wanda kake so ganga ta faɗo a kansa. Manyan injiniyoyi sun raina ta, suna ce mata abin wasan yara. A 2003 aka sauya mata suna zuwa FL Studio. Raini bai hana ta komai ba, don ba ta bukatar ka iya karanta rubutun kiɗa, ba ta kuma bukatar kwamfuta mai tsada.

Shekarun 2000 ne suka haɗa waɗannan da Arewa. Kwamfutoci na hannu suka cika kasuwa, wayar salula ta zo a 2001, situdiyo suka yi ta tsirowa a Titin Gidan Zoo na Kano da Kaduna da Jos. Tsarin da ya zauna shi ne a buga kiɗa a Yamaha, a zuba a Cubase ko makamanciyarta, a ɗora murya, a bi ta da Auto-Tune. Kada mu yi wa juna ƙarya: mafi yawan manhajojin nan ba saye aka yi ba. Waɗanda aka fasa wa makulli ne, ana kwafa daga faifai zuwa faifai, domin farashinsu da dala ya fi jarin situdiyon gaba ɗaya, kuma ko mai kuɗin ba shi da katin da zai biya ta intanet. Kamfanonin sun yi asara a takarda, amma sun sami al'umma guda da ta tashi ba ta san wani kayan aiki ba sai nasu.

Auto-Tune ta sami gida a Hausa fiye da yadda mai ita zai zata. Kunnen da ya tashi da siririyar muryar Lata Mangeshkar ta finafinan Indiya yana son murya mai tsini da santsi, manhajar kuma tana ba kowa wannan a araha. Har ta kai in ba a sa ba sai mai waƙa ya ce aikin bai nuna ba. Shaharar wannan sauti ta tsallake iyaka. A 2008 wani matashin Buzu daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a situdiyon Hausawa, da gangar inji da muryar Auto-Tune. Waƙoƙin suka bazu a Sahara daga waya zuwa waya, har Ba'amurke Christopher Kirkley ya tsince su ya sa ɗaya a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. A 2013 kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, Turawa suka yi ta mamakin abin da mu muka ɗauka ruwan sha.

Hukuma ba ta zura ido ba. Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 bayan ƙaddamar da shari'a, daga 2007 kuma, zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, aka tsananta har aka ɗaure Adam A. Zango a kan kundin Bahaushiya, wasu suka kwashe kayansu zuwa Kaduna. Sai dai situdiyon da ya koma cikin kwamfuta ba ya kamuwa da kwaɗo. Waƙar da aka hana a kasuwa da safe, kafin magariba tana yawo ta bulutut, masu tura waƙoƙi a memori kuma suka gaji 'yan kaset, suka karya su.

Borno ta shiga wannan zamani ta ƙofar wuta. Daga Yulin 2009 rikicin Boko Haram ya mayar da dare abin tsoro, dokar hana fita ta kashe kiɗan dare, wanda shi ne abincin makaɗin gargajiya. A Mayun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta sa dokar ta-ɓaci, aka katse layukan waya na watanni. Ƙauyuka suka watse, jama'a suka kwararo Maiduguri da garuruwan Jere, cikinsu har da gidajen da suka gaji ganga da algaita, waɗanda iyayen gidansu, hakimai da lawanai da bulamai, su ma gudun hijira suke yi. Makaɗin da ba shi da fada ba shi da dandali, da me zai koya wa ɗansa? A Janairun 2021 aka fasa turakun wutar da ke kan hanyar Damaturu, birnin ya yi watanni cikin duhu, sai a Maris 2023 aka buɗe tashar gas mai megawat 50. A 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwanni a Maiduguri da Jere.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan masifu ta fi cutar mai kaya da yawa. Babban situdiyo yana son wuta tsayayya da ɗaki da tsaro, ƙungiyar makaɗa tana son taro da dare da ubangida. Abin da ya iya tsallake duka shi ne ƙarami: kwamfutar cinya da farantin sola, ko wayar Android, wadda FL Studio ta sauka a kanta tun 2013, BandLab kuma ta zo kyauta daga 2015. Yaron da ya tashi a yankin shinkafar Jere yau yana iya riƙe a tafinsa kayan aikin da ko situdiyon Iyan-Tama bai mallaka ba a zamanin Sangaya. Waƙoƙin siyasa, na biki, na bege, na wayar da kai da ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar nauyi, duk daga irin wannan akwati suke fitowa.

Amma akwatin da kunnensa ya zo. Fiyano da manhajojin da suka gaje shi sun raba tsanin sauti gida goma sha biyu daidai wa daida, bisa al'adar Turai. Gurmi da kukuma da algaita ba su san wannan rabo ba, daɗinsu yana cikin zamewar da suke yi tsakanin matakai, kuma wannan zamewar ita ce ainihin abin da aka ƙera Auto-Tune ta goge. Layukan FL Studio suna jawo kowane bugu ya faɗa kan awo, alhali gangar noma tana jinkiri da gaggawa ne bisa numfashin masu fartanya. Kalangun da ke cikin fiyano kuwa hoton bugu ɗaya ne da aka ɗauka aka ajiye. Yana da amon kalangu, amma ba hammatar da za ta matse shi, don haka ba ya kiran sunan kowa. Matashin da ya tashi da shi bai ma san an taɓa yin gangar da ke magana ba.

Abin haushin shi ne fasahar ba ta hana gyara ba. Manhajar Kontakt, wadda kamfanin Native Instruments na Berlin ya fitar a 2002, an yi ta ne don a ɗauki kowane abin kiɗa bugu-bugu, da kowane ƙarfi da kowane lanƙwasa, a mayar da shi fulogin. Da ita aka adana tabla da sitar na Indiya, da oud na Larabawa, da kora da jembe na ƙasashen Mande, shi ya sa furodusan Kano ke samun tabla cikin daƙiƙa amma ya rasa kotso. Auto-Tune kanta tana karɓar tsanin da ba na Turai ba in an saita mata. Wasu mawaƙan, irin su Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa, sun riƙa jawo amon gargajiya cikin aikinsu, kuma kasuwa ta karɓa. Sai dai shigo da makaɗi rana ɗaya daban, zama da shi a ɗauki ilminsa gaba ɗaya daban. Na biyun yana son ɗaki mai shiru, makirfo mai kyau, makonni na haƙuri, da yarjejeniyar da za ta sa mai gangar ya ci moriyar duk waƙar da aka yi da hannunsa.

Tun daga ƙarshen 2023 kuma manhajoji irin su Suno suka fito, waɗanda ake rubuta wa baiti su dawo da waƙa cikakkiya, kiɗa da murya. Suna rera Hausa, amma sukan ɗora karin inda ba nan yake ba, su ja gajeren wasali su gajarta dogo, domin abin da aka ciyar da su shi suke amayarwa, kuma ba a ciyar da su makaɗa irin Narambaɗa ba. Tsofaffin faifan suna ma'ajiyar gidan rediyon Kaduna da ta gidan rediyon Borno. Masu ganga kura da masu alita da suka rage suna fitowa ƙofar fadar Shehu ranar hawan salla, kuma yawancin masu ɗaukar su da waya daƙiƙa talatin suke nema don TikTok.